Littafi Ba Ya Son Danshi

Ni ko allura ban taɓa saya a Japan ba, amma je ka can ka tambaya, sunana suka sani, ba na ɗana Auta ba. Duk kwalin da ya shigo gidan nan sunana ne manne a goshinsa. Auta ne ya tsara haka. Shi yana ofis tun safe, matarsa tana asibiti wajen aikin jinya, ni kuwa a ganinsu kullum ina gida kamar randa. Sai ya karɓi katin shaidata ya ɗauke shi hoto da waya, ya ce, "Inna, ke dai in an kawo ki karɓa."

Wai akwai wani kamfani a can da ke tara maka abin da ka saya ta waya, ya ɗura a kwali ɗaya, ya sa a jirgin ruwa. In kana da haƙurin jira, kuɗin kawowa ba wani abu ba ne. Tun da Auta ya ji araha kansa ya kwance. Ya shiga saro kaya yana sayarwa, ya fara da littattafan zane, mutanen ciki idanu kamar faranti, gashi a tsaye kamar an razana su. Daga nan sai alƙaluma, wuƙaƙe, kofunan shayi marasa mariƙi. Na ce masa an cuce shi, an manta ba a sa musu hannu ba. Ya ce a haka mutane ke rububinsu. To, Allah ya ƙara wa mutane lafiya.

Mai kawo kayan wani dattijo ne, Dogo nake ce masa. Ya duba katina, ya duba fuskata kamar jiya ba ni ya gani ba, ya miƙo min na'urarsa in dangwala yatsa. In ba shi ruwa ya sha, ya ba ni labarin ciwon bayansa, in ba shi na gwiwata. Ban taɓa ƙorafi ba. Kwali ya cika ƙarƙashin gadona, na yi shiru. Ya hau kan akwatina, na yi shiru. Ya tare bayan ƙofa har sai na karkace nake shiga ɗakina, nan ma na ce yaro ne yana nema.

Ran nan ina zaune bakin taga ina tsefe kaina, sai ga wani mutum da fensir a kunne ya yi sallama ya shigo. Ya ja tef daga wannan bango zuwa wancan, ta saman gadona.

Na ce, "Bawan Allah, likkafani ake auna min?"

Ya ce, "Haba Mama, kafinta ne. Maigidan ya ce a kafa kantar jera kaya, bango zuwa bango, har sama."

"Gadon fa?"

"Ya ce gadon ɗakin bayan kicin za a kai shi." Sai ya ga fuskata, ya naɗe tef ɗinsa a hankali. "Na ɗauka an gaya miki."

Bari in gaya muku ɗakin bayan kicin. Bangonsa ɗaya ne da banɗaki. Fentin ya kumbura yana zubowa kamar ƙaiƙayi. Tagarsa ba ta fi tire ba, kuma tankin ruwa take kallo. Takalmin Auta na fata da aka ajiye a ciki, da aka ɗauko shi ya yi gemu kore. Ɗakina kuwa rana na shigowa da safe ta gasa min gwiwa, ta tagar nake ganin titi, nake sanin wanda ya haihu da wanda ya tashi. A ɗakin nan ubansu ya yi jinyarsa har ya cika.

Da yamma na bar Auta ya ci abinci, don kada a ce na hana ɗa cin abinci. Sannan na ce, "An zo auna ɗakina."

Bai ko ɗago daga waya ba. "Au, na so in miki magana. Inna, kaya ne masu yawa ke tafe. Duk gidan nan ɗakinki ne kaɗai busasshe, littafi kuma ba ya son danshi. Da ya sha iska mai laima sai ya kumbura, ba mai saye."

"Ni kuwa kwaɗo ce."

"Ba haka nake nufi ba. Za a yi fenti, in sa miki fanka. Na ɗan lokaci ne."

Matarsa ta ajiye cokali. Ni da na ɗauka ita ce ta kitsa, har na tanadar mata nata kason, sai na ji ta ce, "Kai da ka ce min shago za ka kama?"

Ya ce, "Kin san nawa ake kama shago? Duk arahar da na samu a jirgi sai in zuba wa mai haya?"

Wato ni ce arahar ta biyu. Na tashi na koma ɗakina. Washegari aka kawo katako yankakke aka jingine a baranda, ina wucewa ina jin ƙamshinsa.

Ba a daɗe ba sai ga Dogo, wannan karon ba a babur ba, da mota. Ya buɗe bayanta, kwalaye har rufi. Ya share zufa ya ce, "Mama, yau kin yi babban kamu. Kawo katin."

Na ce, "Ba na karɓa."

Ya yi dariya. Ya ga ban yi ba. "Mama, wasa kike?"

"Sunan wa ke jiki?"

"Naki."

"In mai suna ta ce ba ta so fa?"

Ya sosa ƙeya. "Sai in rubuta an ƙi karɓa, in mayar ma'ajiya. Gobe a sake gwadawa. In an kuma ƙi, su koma inda suka fito. Kuma Mama, arahar nan ta zuwa ce kawai, komawa ba ta da sauƙi."

"Allah ya kai su lafiya. Zauna ka sha ruwa."

Bai zauna ba, waya ya buga. Kafin ruwan ya huce sanyi sai ga Auta a tasi, igiyar wuyan nan ta 'yan ofis ta koma kafaɗa. Ya wuce ni kamar bai gan ni ba, ya ce wa Dogo, "Kawo in sa hannu, kayana ne."

Dogo ya rungume na'urarsa. "Ranka ya daɗe, na san naka ne, amma ba sunanka. In na ba ka, aikina ya tafi."

"To a canza sunan."

"Sai dai can Japan su canza, su aiko mana. Kafin nan kaya sun kama hanya."

Sai a lokacin ya tuna yana da uwa. Ya durƙusa gabana, a bakin titi, maƙwabta na leƙe ta labule. "Inna, don girman Allah. Rabin kayan nan na mutane ne, sun riga sun biya, jira suke. Kina so a ce ni ɗan damfara ne?"

"Kai kana so a ce uwarka ta ruɓe a bayan banɗaki?"

"Wa ya ce ruɓewa? Inna, kina kambama magana."

"Kai ka ce. Ka ce takarda ba ta jure ɗakin. Takardar da aka naɗe da leda, aka sa a kwali, aka manne da gam. Ni da ba leda a jikina, ƙirjina ne zai jure? Ka tsaya ka yi wa littafin da ko karanta shi ba ka iyawa tunani, ni ba ka yi min ba. Ko gaya min ba ka yi ba, sai a bakin kafinta na ji."

Ya yi ƙasa da murya. "To na fasa. Wallahi na fasa. Ki dangwala."

Na san Auta tun bai san kansa ba. Yana ƙarami in ya ce ya fasa, nufinsa sai kin juya baya. Yau in na dangwala, gobe ya cire sunana daga kamfanin, jibi kafinta ya dawo, ni kuma ba ni da sauran abin riƙewa.

Na ce, "Ga katako can a baranda. A kafa shi a falonka, bangon da talabijin take. Da ƙusa, ba jinginawa ba. In na gani da idona, Dogo ya dawo gobe."

"Falo? Ina zan sauki baƙi?"

"Ɗakin bayan kicin. Ka sa musu fanka."

Dogo ya juya baya yana tari, ya rufe motarsa ya ja. Auta ya tsaya yana kallon ƙurar motar kamar an tafi da amaryarsa. Ya shiga gida ya buga ƙofa har kofunansa marasa hannu suka yi ƙara a cikin kwali.

Da la'asar kafinta ya zo. Katakon an yanka shi daidai ɗakina ne, falo ya fi faɗi, sai kantar ta tsaya a tsakiyar bango kamar rigar aro. Matar Auta da kanta ta riƙe wa kafinta tsani, na ga bakinta yana motsi tana danne dariya. Aka sauke talabijin aka ɗora kan kujera. Da aka gama na je da sandata na ƙwanƙwasa kowane katako, na kama na jijjiga. Ɗaya ya yi motsi, na sa aka ƙara ƙusa.

Da safe Dogo ya dawo. Ya duba katina, ya duba fuskata, na dangwala. Na ce su wuce da kayan falo kai tsaye. Waɗanda ke ƙarƙashin gadona kuwa ban jira kowa ba, da ƙafa na dinga turo su waje ɗaya bayan ɗaya, gwiwar na ihu ina ce mata ta yi min shiru.

Kamar yadda na faɗa, a makon Auta ya cire sunana. Yanzu ofis ake kai masa, ya ɗauko a tasi yana haki. Jiya matarsa ta kawo min shayi ta zauna bakin gado ta ce, "Inna, ki yafe masa mana. Kunya ce ke cinsa."

Na ce, "Zan yafe, 'yar nan. Amma ba ke kika aiko kafinta ba. Ya zo da bakinsa."

Bai zo ba tukuna. Kullum da safe yana tsayawa daga bakin ƙofa, jaka a hannu, ya ce, "Inna, ina kwana." Ni ma daga kan gado nake amsa masa lafiya lau, kuma ba na cewa ya shigo.