Numfashin Kanari

Kwali goma sha ɗaya ne a ƙarƙashin gadon Kanari, kowanne cike da faifan waƙarsa, ko ledar ba a ɓare ba. Na sha biyun matarsa ta jawo shi falo ta lulluɓe da ƙyalle, a kansa yara suke aikin makaranta.

Shekara tara yana jan baiti a 'Yan Bene, ƙungiyar da suka kafa su huɗu a saman wani kantin fenti. A lokacin ko a gidan mai ya tsaya sai masoya sun zagaye motarsa. Da ya ga haka sai ya ce ai muryarsa ake bi. Ya yi wa sauran ukun sallama, ya shiga sutudiyo mafi kyau a garin, ya fito da faifai nasa shi kaɗai. Ba wanda ya zage shi, da an zage shi ma da ya fi masa sauƙi. Faifan ya fito ya wuce kamar ba a yi ba.

Yanzu saura kwana huɗu. Injiniyan sutudiyon ya ba shi ranar Alhamis, yini guda, albarkacin sabo, ya ɗauki waƙa ɗaya. Yayan matarsa kuma har ya saya masa kujera a kantinsa na tayil, da matashinta. Sun yi magana sun rufe: in waƙar Alhamis ta bi sawun 'yan'uwanta, ƙarshen wata Kanari zai zauna a kujerar nan ya koyi bambancin tayil ɗin bango da na ƙasa.

Kujerar tana damunsa, amma rashin sanin dalili ya fi cin ransa. Ya tambayi mai gabatar da shiri a rediyo, ya ce waƙoƙin ba su da laifi. Ya tambayi mai tura waƙa a waya a bakin kasuwa.

"Ranka ya daɗe, muryar ma ta fi ta da fita," in ji mutumin. "Sai dai in na kunna wa mutum, ya saurara ya ce madalla, sannan ya ce in tura masa tsohuwar."

"Ba ya faɗin dalili?"

"Shi ma ina jin bai sani ba."

Kanari ya kwana biyu da abin saurare a kunne da littafi a cinya, yana jin tsohuwa yana jin sabuwa. Kiɗan sabuwar ya fi tsabta, kalmomin sun fi ma'ana. Littafin ya tashi babu komai sai zanen akwatuna.

Ranar Talata da hantsi matarsa ta kira shi.

"Baban yara, na manta tabarauna a kan firij. Tunda bincike kake, binciko min shi ka kawo shago."

Shagon ɗinkin matar tasa ɗaki ɗaya ne mai keke huɗu, da fanka mai kaɗa guntayen yadi, da rediyo a kan kanta tsakanin kwarkwaron zare. Yana isa bakin ƙofa ya ji muryarsa ta shekara goma baya tana fitowa daga rediyon. Ya tsaya a bayan labule.

"Na jira ki a bakin titi," in ji muryar.

"Yi ta jira," matan suka amsa baki ɗaya, kekuna na gudu.

"Rana ta take ban tafi ba."

"Wa ya aike ka?"

Ya ɗaga labulen ya shiga. Gwaggo, tsohuwar da ke saka maɓalli, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Gwaggo, wannan da kuke faɗa ai ba ya cikin waƙar."

"Yana ciki mana. Wurinmu ne."

"Wa ya koya muku?"

"Wa ke koya wa mutum amsa magana? A motar haya ma haka ake yi, sai dai su tasu amsar ba ta faɗuwa a gaban suruki."

Kanari ya miƙa wa matarsa tabarau, ya rage rediyon, ya ciro wayarsa ya kunna waƙa ta farko a faifansa. Ya jingina da bango yana kallon bakunansu. Baitin farko ya ƙare, mai guga ta buɗe baki, amma muryarsa ta riga ta faɗa baiti na biyu. Ta rufe. Ta sake buɗewa a na uku, ta sake rufewa, ta koma kan wuyan rigar da take gogewa. Kafin waƙar ta kai rabi, hira ta ɓalle kan wata mai kayan da ta ce a rage mata ƙugu alhali ƙari take bukata.

"Kai ɗan nan, wa ya biyo ka?" Gwaggo ta tambaya tana cizge zare da haƙori. "Kamar mai karanta sanarwar cigiya. Da in ka faɗa sai ka tsaya mu rama. Yanzu kai ne mai faɗa, kai ne mai amsa, to mu me za mu yi a ciki?"

Ya dubi matarsa. "Kin san da wannan?"

"Na san ba na bin sabbin in ina wanke-wanke. Na zaci don na gaji da kai ne."

Bai tsaya dariyarsu ba. Ya tari mota zuwa gidan Gwangwani, makaɗin gangar 'Yan Bene, wanda rabonsu da magana shekara biyu. Ya same shi a gareji yana ɗaure sabuwar fata a kan ganga.

"A'a, tauraro da kansa. Ka yi ɓatan hanya ne?"

"Tambaya ɗaya na zo yi. Shirun nan da ke bayan kowane baiti a waƙoƙinmu, wa ya tsara shi?"

Gwangwani ya ajiye makullin ɗaurin.

"Ƙirjinka ne ya tsara shi. Tun a bene, in ka ja baiti sai ka ƙame kana haki. Muka zauna mu uku ba ka nan, muka ce duk inda ka tsaya in sassauta hannu bugu huɗu, mai jita ya ɗaga yatsunsa, mu jira ka dawo. Ba mu gaya maka ba don kai ba a gaya maka abu."

"Amsar kuma fa?"

"Wasanmu na uku wata mata ta jefo maka ita daga baya, ɗaki ya kwashe da dariya. Daga nan ya zama kowa da tasa. Kai kana can kana neman iska, ga abin saurare toshe a kunnenka ba ka jin kowa sai kanka."

"Na zaci ihu suke min."

"Wani lokacin ihun ne. Yawanci tsiya suke maka."

Kanari ya zauna a kan wata tsohuwar sifika. Ya tuna ranarsa ta farko a sutudiyo shi kaɗai. Abu na farko da ya nema shi ne a ɗauki waƙar baiti-baiti, a yanke duk numfashinsa, a manne baitocin. Kwana uku Injiniya ya yi yana bin layukan allo yana datsewa, shi kuma yana tsaye a bayansa yana nuna masa waɗanda suka rage. Ranar da aka gama har kyauta ya yi wa mai gadi, don a karon farko ya ji kansa kamar mai ƙirjin doki.

"Za ka zo min Alhamis?"

"Sai ka ce ka yi kuskure."

"Na yi kuskure."

"Ƙara. Kunnen makaɗi ne, ya lalace."

Ranar Alhamis suka shiga ɗakin gilashi su biyu. Kanari ya ce sau ɗaya za a ɗauka, daga farko zuwa ƙarshe. Ya rera, ya tsaya inda iska ta ƙare masa, Gwangwani ya sassauta hannu ya jira shi. Da suka fito, Injiniya har ya haska giɓin farko a allo zai datse.

"Bar shi."

"Ana jin hakinka fa, Oga. Kamar wanda ya hau bene da buhu."

"Kunna kawai mu ji."

Injiniya ya ɗaga kafaɗa ya kunna, yana juya maɓallan sauti, hankalinsa na kan aikinsa.

"Na ce zan iya ni kaɗai," in ji muryar Kanari daga sifika.

"Ai ka gani," Injiniya ya ce ƙasa-ƙasa, bai ma san ya faɗa ba.

Gwangwani ya kifa kai a kan teburi, kafaɗunsa na rawa don dariya. Injiniya ya waiwayo yana tambayar abin da ya faru.

Washegari matar Kanari ta tafi da waƙar shago a wayarta. Mai guga ta tura wa ƙanwarta, Gwaggo ta sa aka tura wa jikokinta, mai kayan da aka rage wa ƙugu ma ta karɓa. Ana gobe wata zai ƙare, yayan matarsa ya kira. A bayan muryarsa Kanari yana jin waƙar, da ma'aikatan kanti suna jefa mata wata amsa da bai taɓa ji ba.

"Yaya, me suke cewa ne a baiti na biyu?"

"Ba zan maimaita ba, ni babba ne. Kujerar nan dai na ba wa direba."

"Na gode, Yaya."

"Kada ka yi saurin godiya, waƙa ɗaya ce. Matashin yana nan na ajiye maka."