Ɓangaren Hagu

Tana cikin wanke hular wayoyin a bakin famfo sai Farfesa, shugaban bincikensu, ya leƙo, fuskarsa wasai, abin da ba a saba gani ba.

"Mai Hula, bar wankin nan. Kin san rajistarki ba ta shiga ba?"

Ta rufe famfon. Marasa lafiya ne suka laƙaba mata sunan, don ita ke ɗora musu hular da ke auna motsin ƙwaƙwalwa. Kafin ta fara gwajin, ta rubuta a shafin rajistar bincike abin da take sa ran gani: idan masu shanyewar ɓarin jiki suka yi atisayen hannu, ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwarsu zai farfaɗo. Ƙa'idar ke nan. Ka faɗi inda za ka duba tun kafin ka gani, kada daga baya ka tsinci wani abu ka ce shi ka fita nema. Ashe adana rubutun kawai ta yi, ba ta danna aikawa ba. Kai, wannan shirme da me ya yi kama!

Ga shi an gama gwaji, hagu shiru kake ji. A dama ne aka ga wani ɗan motsi, wanda ko ita ba ta yarda da shi ba.

"Allah ne ya rufa mana asiri," in ji Farfesa. "Goge hagu, rubuta dama, ki aika. Wa ya gani?"

"Ranka ya daɗe, ai mun riga mun ga sakamakon."

"To, je ki gaya wa masu ba da tallafi ba ki samu komai ba. Sai su rufe ɗakin binciken nan, ke kuma ki koma gida ki yi ta auna ƙwaƙwalwar mijinki."

Ya yi dariya, ita kuwa ba ta yi ba. Tsoro ya kama ta sosai, don aikin nan shi ke riƙe da gidanta. Ta zauna gaban kwamfuta, ta goge kalmar "hagu", ta kasa rubuta wata.

Sai ga sallama. Wani tsohon direba ne, ɗaya daga cikin marasa lafiyar da aka yi gwajin da su, ya zo asibiti karɓar magani ya biyo ta ƙofarta, hannunsa na dama a lanƙwashe bisa ƙirji.

"'Yata, kin ce in an gama za ki gaya mini. Abin da kika ce za ki nema a kaina, kin gan shi?"

Farfesa na tsaye a bayanta, tana jin numfashinsa. Ta dubi tsohon.

"Ba mu gan shi ba, Baba."

Tsohon ya dubi hannunsa, ya daɗe yana kallonsa.

"To, madalla. Sai in daina wahalar da shi da atisaye ke nan?"

Ta buɗe baki, Farfesa ya riga ta.

"Ci gaba, Baba. Mun ga alheri a ɗaya ɓangaren."

Tsohon bai ko dube shi ba. Ita yake jira.