Wa Ya Kashe Akuyar Inna Dija?

Inna Dija ta dire ƙullin a gaban tabarmar Mai Unguwa Atiku. Ƙudaje suka biyo bayansa, dattawan zaure suka janye ƙafafu.

"Ranka shi daɗe, ga abin da ya kashe min akuya. Makau mahauci ya ciro shi daga tumbinta da hantsin nan, ina tsaye. Famfas! Kunzugun ledan nan da ake ɗaura wa jarirai a yar."

Akuyar ba ta wasa ba ce. Ja ce, mai haihuwar tagwaye, kuma da ciki ta faɗi. Duk unguwar nan ta Gummi an san Inna da ita, kamar yadda aka san ba a zubar da komai a gidanta: ruwan wankan yaro na zogale ne, gwangwanin madara motar wasa ce. 'Ya'ya tara ta raina da ƙullin tsumma guda, tsofaffin zannuwanta da ta yayyaga. A wanke, a shanya, rana ta ƙarasa aikin. Da surukarta Hamida ta haihu, da hannunta ta damƙa mata ƙullin.

"Wa kike ƙara, Inna?" in ji Mai Unguwa.

"Wa ke da jariri bayan katangata in ba Lirwanu ba? A jujinsa take kiwo. Akuya nika so, ja, mai ciki. Kada a ba ni haƙuri, na ƙoshi da shi tun ina amarya."

Ɗanta Murtala, mijin Hamida, wanda ya kawo ta a kan babur ɗinsa na haya, ya ce a hankali, "Inna, da an bar wa Allah."

"Allah ne ya ba ni baki. Rufe naka."

Aka kira Lirwanu. Ya zo da matarsa Lauratu, goye da jaririn. Da ya ji ƙarar sai ya riƙe haɓa.

"Ni da tiyar gero ke gagara, ina na ga kuɗin famfas? Lauratu, nuna masu."

Lauratu ta sauke yaron, ta ɗaga rigarsa. Inna ta matso da shirin faɗa, sai ta tsaya cak. Kunzugun yaron shuɗiyar atamfa ce mai 'yan tsuntsaye, da ƙunar garwashi a gefe.

"Wanga ai zanen aurena ne!"

"Hamida ta ba ni ƙullin, Inna," in ji Lauratu. "Ta ce wanki na cinye mata hannu, sun koma na kanti. Guda biyu kawai ta rage."

Guda biyu. Su ne Inna ke gani kullum a kan igiya suna ɗiga, tas, ba tabo ko ɗaya. Har gidan suna ta je tana yabon Hamida da iya wanki. Ashe jiƙawa kawai ake yi a rataye mata.

Lirwanu ya sunkuyar da kai. "Kunyar maƙwabtaka ce ta hana ni magana, ranka shi daɗe. Kullum sai na tarar an jeho leda ta kan katanga daga gidan Inna."

Inna ta waiga. Murtala ya riga ya kai bakin zaure, takalmi ɗaya a ƙafa.

"Murtala."

"Inna, fasinja ke jira, ɗan Bukkuyum..."

"Shi tafi da ƙafa."

Mai Unguwa ya ja rawani ya rufe baki, kafaɗunsa na rawa. "To, Inna, an janye ƙara ke nan?"

"A janye mi? Akuyar ta tashi ne? Ƙara na nan, mutum aka sauya. Lirwanu, tashi ka ba shi wurin."

Murtala ya dawo ya durƙusa. Kafin Mai Unguwa ya gyara murya, Inna ta karɓe jaririn daga hannun Lauratu, ta juya shi, ta dubi ɗaurin, ta yi tsaki.

"Ke kuma, ba haka ake ɗaura shi ba. Matso ki gani."