Jan Fure a Gidan Deokbae

Hyeran ta sauko daga bas rungume da dashen myeongja, wani ɗan itace mai jan fure, ƙayoyinsa na kama mata riga. Tana shiga gida ta dire shi kusa da tulunan kimchi, tsumammen kabejin da suke ci, ta ɗauki shebur.

Mahaifinta, Deokbae, ya leƙo daga rumfa. Ganin jajayen tohon kawai ya ɓata rai.

"Fitar da shi waje."

"Baba, ko sannu da zuwa babu?"

"Sannu da zuwa. Fitar da shi. Ba a dasa wannan a gidan da ke da mace. In ya yi fure, hankalinta ya tashi, ta sa ƙafa ta bar gida. Kowa ya sani."

Kowa ya sani! Maganar da Hyeran ta tsana ke nan tun tana makaranta. Da ita aka hana mahaifiyarta wannan ɗan itace tun tana amarya, itacen da ke fure tun ƙanƙara ba ta gama narkewa ba, lokacin da duk garin ya yi fari fat kamar toka. Yanzu likita ya ce idon tsohuwar na dushewa, ja ne kaɗai take iya rarrabewa, baɗi kuwa sai abin da hali ya yi. A haka za a zauna ana cewa kowa ya sani?

"Ni da na bar gida, wane fure na gani? Aiki na samu a birni."

"Ke daban ce. Da taurin kai aka haife ki."

"Gado na yi."

Ya ƙwace shebur ɗin. Sai a lokacin ta lura ba ita yake kallo ba, tagar ɗakin mahaifiyarta yake kallo. Ashe ba ita yake tsoron ta tafi ba.

Tagar ta buɗe. Mahaifiyarta ta leƙo, bargo a kafaɗa.

"Baban Hyeran, me ake ja-in-ja a kai?"

"'Yarki ce ta kwaso mana fitina."

"Myeongja ne ko? Ina ganin jansa daga nan." Ta yi murmushi. "Tsoho, da wace ƙafar zan gudu? Bayi ma sai ka riƙe ni."

"Ba a wasa da irin wannan."

"Na bi maganarka har na yi furfura. Bana ina son in ga fure."

Hyeran ta buɗe baki, mahaifiyarta ta ɗaga mata hannu.

Can Deokbae ya tako zuwa gindin tagar, ya taɓa ƙasa da bakin shebur.

"Nan kina gani?"

"Matso kaɗan."

Ya matso. Ƙasar da sauran taurin sanyi, sai da ya hau shebur ɗin da ƙafa.

"In kin tashi tafiyar," ya ce bai ɗago ba, "ki gaya mini in ɗauko rigar sanyina."