Fitilar Yahuza

Malam Yahuza na Basirka bai taɓa cewa "ban sani ba". Da ganyen zogalen matarsa Sa'adiyya ya fara ƙarewa, ko bishiyoyin bai duba ba ya yanke hukunci: iyalin maƙwabcinsu Dabo ne ke tsallako danga suna tsiga.

Hankalin Sa'adiyya ya tashi, don da kwaɗon zogalen nan aka san ta a kasuwar Gwaram. Ta ce, "Malam, ɓarawo ai tsigewa yake yi. Wannan huda ganyen ake yi, ga wata yana-yana a jiki."

"Ke dai ki yi shiru. Zan kama shi."

Ya hau bas har Birnin Kudu, ya dawo da fitilar sola mai haske kamar ta gidan mai, ya kafa ta a tsakiyar bishiyoyin. Ya kuma tabbatar kowa a majalisa ya ji dalili, har da Dabo.

Kullum da safe sai a tarar da wasu ƙananan ƙwari lafe a jikin sandar fitilar, dangin malam-buɗe-littafi, amma masu yawon duhu. Ruwan ƙasa ne, da baƙin zane a fukafukai. Yahuza ya ce baƙi ne da haske ya jawo, ba ruwansu da kowa. Sa'adiyya ta juya wani ɗanyen toho, ta ga ƙwai farare-farare a jere a bayansa, ƙanana kamar tsaki. Ta juya na gaba, haka. Ta nuna masa, ya ce ƙura ce.

Ƙurar kuwa ta ƙyanƙyashe. Korayen tsutsotsi suka bi ganyen suna saƙa yana suna ci, har bishiyoyin suka koma tsirara. Ranar kasuwa Sa'adiyya ta zauna a gida da ƙullinta na ƙuli, takaici kamar ya kashe ta.

Da yamma Yahuza ya ɗauko tsani zai sauke fitilar, sai ga Dabo ya leƙo ta saman danga. A bayansa, nasa zogalen ya yi kore shar.

"Haba Malam Yahuza, kar ka cire ta, don Allah," in ji shi. "A da ƙwarin nan sun hana ni sakat. Tun da ka kunna ta, duk suka koma gidanka."