Kariya daga Kan Garwashi

Bahauddeen ya dawo Ruwan Bago daga karatu da jaka ɗaya da keke ɗaya. Jakar ba wanda ya kula ta. Keken kuwa nan da nan kowa ya san shi: taya siririya kamar igiyar guga, kai a lanƙwashe ƙasa, jiki na alminiyam da mutum zai ɗaga da hannu ɗaya. Bayan sirdi babu kariyar ɗora kaya.

A garinsu duk mai keken da zai je cin kasuwar Karaye sai an ba shi sallahu. Wannan ta ba shi kaza, wancan ya ce a taho masa da taki. Shi Bahauddeen sai dai ya wuce fuu, ba kaya ba goyo. Baffa Maikuɗi, wan mahaifinsa, wanda ke riƙe da gidan tun rasuwar uban, ya kira shi zaure ya yanke magana. Ya ce keken da ba ya ɗaukar kaya keken marowaci ne, kuma ba za a ce an haifi marowaci a gidan nan ba. In kasuwa ta zagayo bai ga kariya a jikinsa ba, shi da kansa zai kai shi a musanya da na ƙarfe.

Bahauddeen ya ce to. Ba a jayayya da Baffa. Amma keken nan shi ya kai shi aji duk shekarun karatunsa, kuma ba shi da niyyar rabuwa da shi.

Washegari ya sauka a rumfar Ja'afar mai gyaran keke a Karaye, abokinsa tun firamare. Ja'afar ya zube masa tsofaffin kariyoyi, duk manya, irin masu ɗaukar buhun masara. Kowacce a notin taya take kamawa, keken Bahauddeen kuwa ba shi da wannan notin. 'Yan ƙananan ramuka ne gare shi, biyu kusa da tayar baya, biyu ƙarƙashin sirdi. Ja'afar ya ce abin mai sauƙi ne, a kai wa mai walda ya liƙa. Bahauddeen ya ce waldar bakin titi ba ta kama alminiyam, huda shi za ta yi.

"To ɗan boko, sai ka goya kayan a baya kamar mai jego," in ji Ja'afar.

Yana cikin dariya ya ambata cewa irin siririyar kariyar nan takan zo jikin kekunan gwanjo, amma duk wanda ya saya cewa yake a cire masa ita a sa ta kirki. Bahauddeen ya tambaye shi inda suke zuwa bayan an cire. Ya ce masu gasa masara ke kwashewa, suna ɗorawa kan garwashi.

Lokacin sabuwar masara ce, tashar Karaye duk hayaƙi. Bahauddeen ya bi masu gashin ɗaya bayan ɗaya, yana sunkuyawa yana leƙa ƙarƙashin masara. A wajen wata dattijuwa, Iya Saude, ya gan ta: siririya, baƙa ƙirin, ƙafafunta biyu a lanƙwashe sun zama mariƙi. Da ta ga yana leƙen murhunta, ga farar riga, sai ta zaci duba-gari ne, ta fara rantsuwa cewa da safe ta share wurin. Ya gaishe ta, ya faɗa mata ɗan wane ne shi, ya ce ƙarfen nan yake so. Ta ce ba na sayarwa ba ne, a kan me za ta gasa? Ya shiga kasuwa ya sayo sabuwar ragar waya mai faɗi. Ta juya ta, ta ga za ta ci masara ninki biyu, ta juye garwashi ta miƙa masa kariyar da tsumma, har da gasasshiyar masara ɗaya.

Ja'afar ya miƙar da ƙafafun, ya kankare baƙin, ya nemo ƙananan notuna. Ramukan suka hau daidai.

Saura abu ɗaya, kuma Bahauddeen ya san da shi. A Ruwan Bago gwajin kariya ɗaya ne: babban mutum ya zauna a kai ya girgiza. Baffa ba ƙaramin mutum ba ne. In ya hau, kariya da taya duk sun tafi. In kuma aka ce masa kar ya hau, an raina shi.

Don haka ya ajiye keken a gidan wani abokinsa har ranar kasuwa. Da sassafe ya shigo da shi ta ƙofar baya, ya ce wa mahaifiyarsa Lantana yau shi zai kai mata man gyaɗarta. Ita da kanta ta ɗora jarkar, ta ɗaure da roba. Lantana tana da doka tata da kowa a gidan ya sani: kayan da ta ɗaura don kasuwa ba a sauke su sai a kasuwa, wai ciniki ba ya albarka.

Baffa yana zaure kan buzu sa'ad da Bahauddeen ya turo keken zai fita. Ya tashi ya zagaya keken, ya ja robar, ya ƙwanƙwasa ƙarfen.

"Sauke jarkar nan in hau."

"Malam, kayana ne, kuma na riga na ɗaure," in ji Lantana daga bayan ƙofa.

Baffa ya dubi ƙofar, ya dubi ɗan ƙaninsa. Ya gane, kuma bai ɓoye ba.

"Ba ta ɗaukar mutum ke nan."

"Ba ta ɗauka, Baffa. Jarka take ɗauka, da rabin buhu."

Baffa ya koma kan buzunsa. Ya ce rabin buhu ma kaya ne, keken ya zauna a gidan. Sannan ya ce in zai dawo ya taho masa da gishirin shanu, kuma kafin ya tafi ya tsaya gidan maƙwabcinsu Nasiru, matarsa tana da kaji biyu da za a kai kasuwa.