Ruwan Laraba

Unguwar Marke ba wani gari ba ce. Gidaje ne kamar arba'in a gefen Kibiya, hanyar Rano, rabi manoma, rabi 'yan acaɓa masu cewa su ma manoma ne, sai Fulanin gidan Hammadu da suka tsaya shayar da shanu shekara talatin da suka wuce, har yau shanun ba su ƙoshi ba. Bana an yi shuka da ruwan fari, sai sama ta ɗauke kwana goma sha tara. Dawa ta fara nannaɗe ganye.

A unguwar, in ruwa ya ɗauke, tsofaffin mata ne ke fita. Su sa tsofaffin kayan maza, riga da wando da hula, su saɓa fartanya, su zaga gonaki suna roƙon Allah da waƙa. Iya Bara'atu ce a gaba tun rasuwar uwar mijinta. Sai sabon limami, Malam Abdulganiyyu, ya ce wannan shirme ne. Ya sa ranar Alhamis maza su fito sallar roƙon ruwa, kowa cikin tsummansa don ƙanƙan da kai, ban da ado. Mai unguwa Ishiyaku, wanda ba ya iya ɓata wa kowa rai sai matarsa, ya yanke cewa mata ma su yi nasu, amma in bai kawo komai ba, daga bana an daina.

Iya ba ta san bihim ba, amma ta san Malam ba ya sa rana sai ya saurari rediyo, rediyo kuwa ta ce Alhamis. Ta je wajen surukarta Zulaiha ta ce ta duba mata a waya. Zulaiha ta shafa, ta nuna mata hoton gajimare da ɗigo uku a kan Laraba, kafin azahar, amma ta ce abin yana ƙarya wani lokaci. Iya ta ce ita ma tana yi, kuma ba a daina tambayarta ba.

Laraba da safe, maza na gona suna kallon abin da ba za su iya gyarawa ba, mata suka bi ɗakuna suka kwashe tsummokara. Suka fita da hantsi, sama wasai. Iya na waƙa, tana tsine wa wayar a zuci. Sun zaga gona shida kafin iska ta juyo daga gabas, hadari ya taso baƙi ƙirin.

Malam ya leƙo ya gani. Nan take ya hau lasifika, wai an dawo da salla yau, yanzu, kowa ya sa tsofaffin kayansa ya fito. Maza suka bazama gida, babu ko hula. Waɗanda suka fito da shaddar Sallah, dole ya kore su, shi ya hana ado da bakinsa. Nasa wandon kuwa yana jikin gwaggonsa Saudat, tana jan sa a ƙasa.

Ana cikin bincike ƙarƙashin gadaje ruwa ya tsuge, ya sami mata a gonar Hammadu.

Da la'asar aka taru a zauren mai unguwa. Malam ya yi bayani mai tsawo cewa tun Litinin ya ɗaura niyya, saboda haka ruwan na niyyarsa ne.

"Allah gafarta Malam, mun bar maka niyyar," in ji Iya. "Mu dai a bar mana fitarmu."

Mai unguwa ya daɗe yana kallon rigarsa a jikin Iya, tana ɗiga a kan tabarmarsa. Ya ce mata su ci gaba da fita, amma baɗi su tambaya kafin su ɗauki kayan mutane. Iya ta ce to, za su tambayi matan gidan.